Ranar da Tsoho Ya Zauna Mini

Sharaɗin farko da na karanta game da jarrabawar dariya ya ba ni. Wai dole mutum ya zauna shi kaɗai a ɗaki mai bango huɗu, ƙofa a rufe, kada kowa ya shigo har a gama. Na ɗaga kai na dubi inda nake zaune. Falenmu, wato gidanmu na gargajiya da muke kira fale, ginshiƙai ne kawai da rufi, iska ta shigo ta wajen teku ta fita ta wajen gona, kaji ma hanyarsu ke nan. Tun da aka haife ni a wannan ƙauye na tsibirin Savai'i ban taɓa samun kaina ni kaɗai ba sai a banɗaki, can ɗin ma ba a rasa mai ƙwanƙwasawa.

Jarrabawar ta haɗa kwamfutoci ce, matakin farko, wadda in ka ci ake ba ka takardar shaida cewa ka san yadda saƙo ke tashi daga wannan na'ura ya isa waccan bai ɓace a hanya ba. Kada in yi wa kaina kirarin banza, ba son kwamfuta ne ya kai ni ba. Mijina nake son gani. Alesana yana Queensland, can ƙasar waje, yana aiki a wata babbar mayanka, shekara ta uku ke nan rabona da shi. Wani ƙaramin kamfani a Apia, babban birninmu, da ke ja wa makarantu intanet ya sanar zai ɗauki mutum biyu ya tura su Brisbane horon shekara guda, kuma daga Brisbane zuwa garin da Alesana yake, ka tashi da safe ka ci abincin rana a can. Ni ce mai kula da ɗakin kwamfuta a makarantar ƙauyenmu, don haka na nema. Matar da ke ɗaukar ma'aikatan ta ce sunana yana cikin waɗanda suke so, amma sai na kai mata takardar shaidar kafin watan Yuni ya ƙare. In ya wuce, sai baɗi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muke magana da Alesana ta waya. Yakan nuna mini hannayensa da sanyin ɗakin nama ya farfasa, ya ce yanzu ko ido a rufe zai iya raba saniya da ƙashinta, in na iso kada in kuskura in yi masa rashin kunya. In ce masa ya fara koyon raba kansa da gado da safe tukuna. Sai hoton ya tsaya cak yana tsakiyar dariya, baki a buɗe, in zauna ina kallonsa a haka har layi ya dawo. Ina kewarsa ƙwarai. Har minsharinsa nake kewa, abin da na sha yi masa gori a kai. Faɗa ma ina kewa, don faɗa ta waya ba ya daɗi, kafin ka kai inda za ka ci nasara layi ya yanke.

Matsalata ɗaya ce a gida, mahaifina Uelese. Tun da tsohuwarmu ta rasu, yayyena duk suka watse, wasu Auckland, ɗaya Sydney, ni auta na rage masa. Ranar da na gaya masa maganar Brisbane yana zaune a jikin ginshiƙinsa yana murza zaren ɓawon kwakwa a cinya, yana tufka igiya. Na zauna a ƙasa na yi bayani dalla-dalla, na ce shekara ɗaya ce tal, na ce Faiupu, ƙanwar tsohuwa, tana nan za ta kula da shi. Ya ci gaba da murza zarensa. Da na gama ya ce a duba shingen aladu, akwai inda ya karye.

Daga ranar tsoho yana mini maganar komai, ruwan sama, gwazar da ta isa haƙa, waɗanda ba su zo taron ƙauye ba, ban da wannan. Bai ce tafi ba, bai ce kada ki tafi ba. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi, don ni ma bakina ba ciwo yake yi ba. Amma wa zai yi gardama da shiru? Kuma na san ko na ci jarrabawar, ko an ba ni tikiti a hannu, ƙafata ba za ta hau jirgi ba in bai buɗe baki ba. Na ce wa kaina in fara cin jarrabawar, sauran in san yadda zan yi.

A kan kabarin tsohuwa nake karatu, a gaban gida inda muke binne namu, don a nan waya ta fi kama layi, simintin kuma yana da sanyi da yamma. Da tana raye ma a gefenta nake aikin makaranta, ban ga abin da ya canza ba sai dai yanzu ba ta aike na. Nakan shimfiɗa tabarma, in ajiye kwamfutata da wani tsohon akwatin rarraba layi da makaranta ta daina amfani da shi, in yi ta ba shi umarni yana ƙin ji. Faiupu tana gefe tana saƙar tabarma, bakinta ba ya hutawa.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne raba adireshi. Kowace na'ura tana da adireshinta, lambobi kashi huɗu, sai a ba ka babbar unguwa a ce ka yanka ta gida-gida, ka faɗi inda kowane gida ya fara da inda ya ƙare, da na'ura nawa zai ɗauka. Duk lissafin da sifili da ɗaya ake yin sa, kuma a jarrabawa agogo na gudu. Watan farko kuka na yi ta yi a kai. Na yi ta ninka biyu da ƙarfi, ina wanki ina ninkawa, ina kankare kwakwa ina ninkawa, har yaran maƙwabta suka haddace suna bi na da shi a hanya.

Faiupu ta ce, “Moelagi, wai wannan karatu ne ko aljanu? Jiya ina ji kina cewa ɗari biyu da hamsin da biyar cikin barci. Na ce to, an gama da 'yar Uelese, ta fara ƙirga samari.”

Na ce, “Ke da kika binne miji biyu ai ke ya kamata ki koya mini ƙirgar.”

“Uku ne, marar kunya. Na farkon ne bai tsaya an binne shi ba, ya gudu Pago Pago.”

Ita ce ta riƙe mini jerin launin wayoyi. Kebul ɗin da ake haɗa na'urori da shi siraran wayoyi takwas ne a ciki, kowace da launinta, kuma in ka sauya wa ɗaya wuri aikin ya lalace. Ni sai in yi ta rikita kore da shuɗi. Faiupu ta karɓa sau ɗaya ta duba, ta ce ai wannan saƙa ce, ta jera su daidai ta miƙo mini, sannan ta sa wa jerin muryar wata waƙar coci. Da wannan waƙar na haddace. Ranar Lahadi da aka rera ta a coci na kusa shaƙewa da dariya, matar fasto ta harare ni.

Wuraren zama a cibiyar jarrabawa ta birni duk sun cika har bayan Yuni, don haka ba ni da zaɓi sai in yi ta a gida, mai sa ido yana kallo ta kyamara daga wata ƙasa. Ranar da na samu tana dab da ƙarshen Yuni. In na faɗi, ko aka soke, kwanakin da ake sa mutum ya jira kafin ya sake zama sun isa su fitar da ni daga Yuni. Zama ɗaya nake da shi.

Sai neman ɗaki. A bayan falenmu akwai gidan siminti da yayana na Auckland ya gina, mai fenti da tagogin gilashi, wanda ba wanda ke kwana a ciki saboda zafi. Tabarmin biki muke ajiyewa a can, da kujerun baƙi, da firiza. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa, makullinsa kuwa ya ɓace tun ranar buɗe gidan. Na kwashe komai, na cire hotuna da kalanda daga bango, na bar tebur ɗaya da kujera. Layi ba ya shiga ɗakin, sai na ɗaure eriya a kan mangwaron da ke kusa da kabari, na ja kebul mai tsawo ta tsakar gida har cikin taga. Da hannuna na matse kawunansa, ina rera waƙar Faiupu. Da na jona, ƙaramar fitila kore ta kama, na yi tsalle kamar wata yarinya. Tsoho kullum sai ya tsallake kebul ɗin nan in zai tafi gona, ya ɗaga ƙafa ya wuce bai dubi ƙasa ba, kamar ba a shimfiɗa komai ba.

Na zaunar da Faiupu na karanta mata sharuɗɗan. Ba mai shiga, ba mai leƙe, ba mai kawo ruwa ko ayaba. Ni kuma ba tashi, ba waiwaye, ba motsa baki.

Ta ajiye saƙarta. “Ke kaɗai? A rufe kamar wadda ta yi sata?”

“Haka suka ce.”

“Wace irin jarrabawa ce wannan da ba a zauna wa mutum? Su mutanen nan ba su da dangi ne?”

Ba laifinta ba ne. A wurinmu ba a barin mutum ya shiga abu mai wuya shi kaɗai. In maza sun fita kamun kifi can bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, tsofaffi sukan zauna shiru a gida har su dawo. In an shiga da mutum tiyata, nasa suna nan a ƙasa sun harɗe ƙafa, ba hira, ba ci, zuciyarsu na tare da shi. Tapuai muke ce masa, kuma mai zaman da mai aikin kusan lada ɗaya gare su. Na ce wa Faiupu ta yi mini nata daga fale, zan ji shi a jikina. Ta ce to, ita za ta tsare yara da karnuka da matar fasto, amma abin bai kwanta mata ba. Tsoho kuwa ban gaya masa komai ba. Ta yaya zan karanta masa dokar abin da a wurinsa babu shi?

Ana gobe jarrabawa, da yamma Alesana ya kira, ba ma Lahadi ba. Ya ce in yi masa tambaya ɗaya ya ga ko shi ma zai ci. Na tambaye shi na'ura nawa gida kaza zai ɗauka, ya ce duk wadda ta zo a ba ta tabarma. Muka yi dariya, sannan ya ce ya gaji da cin abinci a tsaye a gaban firji. Ya ce ba abincin yake so ba, so yake ya ji wani yana masa faɗa cewa ya bar cokali a tukunya. Na ce ya yi haƙuri, na tara masa faɗan shekara uku, ba abin da ya zube.

Washegari da hantsi na yi wanka, na sa rigar da nake zuwa makaranta da ita, na shiga ɗakin na tura ƙofa. Shirun da na ji a ciki ya ba ni tsoro. Mai sa idon mace ce, muryarta a gajiye, da alama ni ce ta barkatai a ranar. Ta sa na nuna mata katina, na zagaya da kyamara bango zuwa bango, na nuna ƙarƙashin tebur, na nuna kunnuwana da tafin hannuna. Ta maimaita cewa fuskata kada ta fita daga kyamara ko na ƙiftawar ido, in ta fita jarrabawa ta ƙare. Na ce na ji. A kusurwar allon akwai ɗan ƙaramin hotona, da ƙofar a bayana.

Tambayoyin farko sai na karanta kowace sau biyu kafin in iya amsawa. Daga nan sai abin ya sake ni. Aka tambayi wace hanya saƙo zai bi in hanyoyi biyu suna kaiwa wuri ɗaya, na sani. Aka nuna zanen ofis da kwamfuta ɗaya ta ƙi magana da sauran, na hango kuskuren adireshin tun kafin in gama karantawa. Raba adireshin da ya sa ni kuka ya zo har sau da yawa, ina yanka shi kamar gwaza. Gumi na bin bayana, amma a raina ina cewa, Alesana, wanke tukunyarka, ga ni nan. Na wuce rabi da nisa, lokaci kuma yana wajena.

A cikin ɗan ƙaramin hoton nan na ga ƙofa ta buɗe.

Tsoho ne. Ya sa farin zanensa na coci da farar riga, ya taje furfurarsa da man kwakwa, tabarma a naɗe a hammata. Ya shigo a sunkuye, a hankali, yana taka ƙasa kamar mai gudun tada jariri. Ya maida ƙofar ya rufe, ya shimfiɗa tabarmar a jikin bango, ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ɗora hannu a gwiwa, ya sunkuyar da kai ya rufe ido.

Sau biyu na taɓa ganin ya yi wannan zaman da wannan shigar. Ranar da aka kwantar da babban yayana ana tsaga masa zanen gargajiya a fata daga ƙugu zuwa gwiwa, da ranar da aka shiga da tsohuwa tiyata. Ba a zauna wa abin da ba a yarda da shi ba. Duk amsar da na yi watanni ina jira ga ta nan a bayana, a kan tabarma. Idona ya cika, rubutun allon ya narke.

Muryar matar ta fito daga kwamfuta, yanzu ba gajiya a cikinta. Ta ce akwai mutum a ɗakin. Ta ce tana ganin dattijo ne kuma bai ce komai ba, za ta yi mini uzuri sau ɗaya: in gaya masa ya fita yanzu-yanzu, daga inda nake zaune, kada in tashi. Tsoho ba ya jin Turanci sosai, kuma mai tapuai ba ya sauraron abin da ake faɗa. Ko gezau bai yi ba.

Ina kan kujera, shi yana ƙasa, na ba shi baya, kuma wai a haka zan ce wa mahaifina ya tashi ya fita. Tun ina rarrafe aka koya mini ba a yi wa babba magana daga sama, sai ka sauka ka zauna daidai da shi ko ƙasa da shi. An koya mini da baki, an koya mini da tsintsiya. Matar ta sake magana, ta ce tana jira. Na ce a raina bari in lallaɓa shi da kalma biyu kawai. Ban yi shawara da jikina ba, shi ma bai yi da ni ba. Kafin in ankara na zame daga kujerar, gwiwoyina sun taɓa siminti, na juyo gare shi.

Ban ko kai ga cewa “tsoho” ba na ji wani ƙaramin sauti daga tebur. Na ɗaga kai. Tambayoyin sun ɓace. Wani farin shafi ne da 'yan layuka, an soke jarrabawa saboda ɗaliba ta bar mazauninta alhali akwai wani a ɗakin.

Na daɗe a durƙushe. Ta taga ina jin Faiupu tana korar kare da murya ƙasa-ƙasa. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ba shi. Matar ta yi aikinta, har ma ta yi mini alfarma. Tsoho kuwa ga shi nan, leɓɓansa na motsi kaɗan, jijiyoyin wuyansa sun fito, yana roƙa mini abin da zai bar shi shi kaɗai a gida.

Can ya buɗe ido ya gan ni a ƙasa. Ya ce, “An gama?”

Na ce, “An gama.”

Ya gyaɗa kai. “Sannu da aiki, Moelagi.”

Amsar ɗaya ce, kuma dole a ba da ita. Na ce, “Sannu da zama, tsoho.”

Ya ce in na je in gaya wa Alesana ya riƙa sa safar hannu, ya ga hannayen nan a waya, ba su yi masa kyau ba. Ashe duk Lahadin nan yana kallo ta gefen ido. Ya naɗe tabarmarsa ya fita, tafiyarsa sakayau kamar wanda ya sauke buhu.

A waje Faiupu ta dubi fuskata sau ɗaya ta gane. Ta ja ni bayan madafa, ta ce ta gan shi ya fito da fararen kaya, ta tashi za ta tare shi, sai ta koma ta zauna. Ta ce ta tsare yara, ta tsare karnuka, amma wa ya isa ya tare mutumin da ya yi wata da watanni yana kokawa da zuciyarsa ranar da ya kayar da ita? Ta yi kuka, na yi. Sannan ta share hanci da bakin zani ta ce, “To yanzu wa zai ci wannan uban abinci? Tun asuba ya sa aka yanka alade.”

Na kira matar kamfanin. Ta saurare ni har ƙarshe, ita ma 'yar ƙasa ce, ba sai na yi mata dogon bayani ba. Ta ce da ikonta ne da ta jira, amma Brisbane ake aika wa da sunayen, kuma akwai wanda ke biye da ni da takardarsa a hannu. Ta ce in zo baɗi, za ta tuna da ni.

Alesana yana hutun cin abinci lokacin da na same shi, da hular leda a kansa, injuna na ƙugi a bayansa. Na gaya masa duka. Ya cire hular ya murza fuska, ya ƙame har na ɗauka hoton ne ya tsaya. Sai ya ce, “Amma ya zauna miki?” Na ce ya zauna. Ya ce to. Ya ce ya riga ya nemi hutun mako guda na ranar da zan sauka, zai je ya ce a mayar. Aka buga musu ƙararrawa, ya ce zai kira Lahadi. Ban taɓa jin nisan Queensland kamar ranar ba.

Aka ci alade, aka ci gwaza da ganye cikin madarar kwakwa, maƙwabta suna ta yi mini barka ina cewa sakamako bai fito ba tukuna. Tsoho har da tsokanar yara. Na so in bar shi da farin cikinsa ko na kwana ɗaya, amma ƙauye ne, gara ya ji daga bakina. Da aka busa ƙahon addu'ar yamma muka taru a fale, aka rera waƙa, ya yi addu'a mai tsawo, ya sa Brisbane a ciki, ya kira sunan garin a karkace. Da mutane suka watse na matsa kusa da ginshiƙinsa na zauna.

Na gaya masa yadda dokar take, da abin da matar ta ce, da yadda na sauka daga kujera. Na yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan gwiwoyina. Bai karɓa ba. Ya dubi hannayensa.

Ya ce, “Watannin nan duk na yi shiru ne don ki gaji ki fasa. Ba ki fasa ba. Yau da na ce bari in sake ki, yau na riƙe ki.” Muryarsa ta karye a ƙarshen, abin da ban taɓa ji ba ko a jana'izar tsohuwa. “Ki yafe mini, 'yata.”

Na ce ba abin yafewa, na kuma gaya masa gaskiya, cewa zaman nan nasa ba zan musanya shi da komai ba, kuma duk da haka zuciyata kamar ta fashe don son ganin mijina. Duka biyun na faɗa masa, ya ji.

Ya tambayi yaushe ne na gaba. Na ce baɗi war haka. Ya shiga wani lissafin da ban so in san ko na mene ne ba, mutum ne da ya haura saba'in. Sai ya ce, “Ita na'urar, tana gani ta cikin bango?”

Na ce ba ta gani.

Ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya ce in zo in nuna masa. Da sauran haske muka zagaya bayan gidan simintin, inda ciyawa ta kai gwiwa, na nuna masa daidai inda kujerata take ta ciki. Ya dafa bangon da tafin hannu, ya ja da baya kaɗan, ya dubi ƙasa. Ya ce nan ya yi, amma rana za ta dake shi da hantsi, gobe in kawo masa adda ya share wurin ya dasa ayaba, kafin baɗi ta yi inuwa.